Idan jariri ya zo babu rai, me muke gaya wa iyayensa?

Abokan aiki na ɗakin haihuwa, da ku nake. Idan jariri ya zo babu rai, ko ya koma kwana ɗaya ko biyu da haihuwa, abin da yawancinmu muka iya shi ne "sai haƙuri, Allah Ya sa mai ceto ne", mu naɗe shi mu miƙa wa dangi. Gaisuwar ta dace. Amma uwar nan za ta sake ɗaukar ciki, kuma sanadin yana nan. Da haka mace ke rasa uku, huɗu, a ce tana wabi, alhali wataƙila tunjere ne da allurar fenisilin ke magancewa, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko rashin jituwar jininta da na ɗan.

Binciken gawa ne zai iya nuna sanadin, amma da an ambace shi, mu kanmu ma'aikata yanka ke faɗo mana a rai, shi ya sa ko zancen ba ma tayarwa. Alhali binciken daga dubawa da ido yake farawa. Dubi fatar jaririn. Idan tana saɓulewa, ya jima da rasuwa a ciki. Idan lafiya lau take, galibi a naƙuda aka rasa shi, kuma a duniya sama da kashi 40 cikin 100 na jariran da ake haifa babu rai a lokacin suke mutuwa. Wannan aikinmu yake tuhuma.

A auna nauyinsa, a duba cibiya ko ta ƙulle. Sai mabiyiya: kafin dangi su tafi da ita su binne, a juya bayanta a duba. Gudan jini manne a wurin alama ce ta cewa ta rabu da mahaifa tun lokaci bai yi ba. Inda akwai ɗakin gwaji, a nemi izini a aika da ita.

Akwai kuma hanyar da ake kira MITS, wadda shirin CHAMPS, mai binciken sanadin mutuwar yara, ke amfani da ita a ƙasashe irin su Mali, Kenya da Bangaladash. Allura ake sawa a ɗebo ɗan samfuri daga huhu, hanta da ƙwaƙwalwa, ba a buɗe jiki, kuma ana gamawa da wuri a ba da gawa a yi mata sutura. Iyaye suna da haƙƙin su ji wannan daga bakinmu, a keɓe, cikin natsuwa, tare da uban ɗan. Babu tilas.

In sun ƙi, a mutunta ra'ayinsu. Amma kafin a sallami mai jego, a auna hawan jininta, a gwada tunjere, suga da rukunin jini, a rubuta sakamakon a katinta, a ce ta zo da shi ranar da za ta fara awon ciki na gaba.