Tsarin da ya ba kantin magani damar duba marar lafiya a Ingila

Tun ranar 31 ga Janairun 2024, mai ciwon maƙogwaro a Ingila ba sai ya nemi layin ganin likita ba. Zai iya shiga kantin magani na unguwa, masanin harhaɗa magunguna, wato famasis, ya shigar da shi ɗakin ganawa, ya duba shi, in ta kama ya ba shi maganin da a da sai da takardar likita ake samunsa. Hukumar lafiya ta NHS ce ta ɓullo da tsarin, da sunan Pharmacy First, gwamnati kuma ta ware fam miliyan 645 domin shi da wasu ayyukan kantunan, irin su awon hawan jini da ba da ƙwayar tazarar haihuwa.

Cututtuka bakwai kacal tsarin ya ƙunsa, kowacce da iyakar shekarunta. Ciwon maƙogwaro daga shekara 5, kumburin kogon hanci daga 12, ciwon kunne ga yara daga shekara 1 zuwa 17. Akwai cizon ƙwaro da ya rure, da ƙurajen fata masu ɓawo da ke yaɗuwa tsakanin yara, duka daga shekara 1, sai ƙuraje masu raɗaɗi da ƙwayar cutar ƙarambau kan tayar wa manya, daga 18. Na bakwai shi ne ciwon mafitsara marar tsanani ga mata 'yan 16 zuwa 64.

Abin da mutane suka fi kasa ganewa shi ne, ba a mayar da mai kantin likita ba. Izinin da yake aiki da shi rubutaccen umarni ne da dokar magunguna ta 2012 ta halatta, wanda likita da masanin magunguna suka sa wa hannu tun farko. Takardar ta faɗi wa za a ba, wane magani, na kwana nawa, da wanda ba za a ba ba. Matar da ta zo da zafin fitsari, in tana da juna biyu, ko ciwon ya dawo mata sau 2 cikin wata 6, ba ta cikin waɗanda aka yarje a ba; sai a tura ta wurin likita. Namiji ma haka, komai kamannin alamunsa.

Ga yadda ake yi da maƙogwaro. Famasis zai haska fitila ya leƙa, ya ƙirga alamu biyar, kowace alama maki ɗaya: zazzaɓi cikin awa 24, mugunya, jan kumburi sosai, zuwa cikin kwana 3 da fara ciwon, da rashin tari ko mura. Sai maki ya kai 4 ko 5 ake maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙasa da haka, shawara ce da maganin rage raɗaɗi, a ce ya dawo in abin ya ƙi. Wasu kan fita suna ƙunƙuni, su a ganinsu an hana su magani. A nawa ganin, wannan hanin shi ne amfanin tsarin, domin yawancin ciwon maƙogwaro kan warke da kansa, kuma ɗirka wa kowa irin wannan magani ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa.

Ganawar kyauta ce. In an ba da magani, ana biyan kuɗin da aka saba biya na takardar likita, ban da waɗanda doka ta ɗauke wa, kamar yara 'yan ƙasa da 16 da masu shekara 60 zuwa sama. Kantin kuma dole ya aika wa likitan mutum bayanin abin da aka gani da abin da aka bayar. Masu kantunan dai sun sha kukan cewa kuɗin da ake biyansu bai kai nauyin aikin ba, don famasis ɗaya ne yake ɗakin ganawa alhali takardun magani na jiransa a kanta.