Gashin tsakiyar kai yana karyewa bayan rilaksa: tambayoyi da amsoshi

Mace za ta tsefe kitso ta ga gefe da ƙeya sun sauko har wuya, amma tsakiyar kan kamar an bi da almakashi. Ga tambayoyin da masu sa rilaksa suka fi yi a kan haka.

Me ya sa sai a tsakiyar kai?

Domin wurin ya fi ko'ina shan wahala. Masu salun da yawa daga nan suke fara shafa man rilaksa, saboda gashin tsakiya ya fi cika da tauri, kuma ba a wankewa sai an zagaye kan duka. Inda aka fara, nan man ya fi daɗewa. Rilaksa kuwa sinadari ne mai ƙarfin gaske. A ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kaifin sinadari, yana kaiwa 12 zuwa sama, alhali gashi yana zaune ne tsakanin 4.5 da 5.5. Aikinsa shi ne tsinka mahaɗan da suke riƙe da murɗin gashi a cikin silin, kuma abin da ya tsinka ba ya komawa yadda yake.

Babbar ɓarna tana zuwa ne wajen maimaitawa. Gashi yana tofowa kamar santimita 1 a wata. Wadda take komawa salun duk bayan mako 4, sabon tofon nata bai kai a raba shi da tsoho ba, dole man ya hau wanda aka riga aka miƙar. Sili ɗaya ya sha mai sau uku ko huɗu, ina zai kai labari? Sai a ƙara da tufke gashi da roba a wuri ɗaya kullum, da nauyin acuci, da ɗankwalin atamfa da ke shanye maiƙon kai.

Ta yaya zan gane karyewa ce ko zubewa?

Ɗauki silin da ya faɗo ki duba. In dogo ne, da ɗan farin kai a gindinsa, daga saiwa ya fito, zubewa ce. Wannan kan faru wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, ko in jini ya yi ƙasa. In kuwa guntaye ne barkatai a kafaɗa da mataji, babu farin kai, karyewa ce.

Wanda ya lalace zai gyaru?

A'a, kuma gara ki ji gaskiya kafin ki zuba kuɗi. Silin gashi ba shi da rai, ba ya warkewa. Mayukan da ake rubuta wa "gyara" suna lulluɓe shi ne na ɗan lokaci, ya yi santsi, karyewar ta ragu. Wannan ma amfani ne, amma aikin gaske shi ne tsare sabon da ke fitowa. Bakin da ya tsattsage a datse shi kaɗan-kaɗan, don tsagewar tana hawa sama.

To me zan yi daga yau?

Ki ɗaga wa rilaksa ƙafa, aƙalla mako 12. In lokacin sawa ya yi, a sa wa sauran kan, a bar tsakiyar, ko ta zama ta ƙarshe. A shafa wa tsohon gashi basilin ko kwandishana tukuna, a bi mintocin da aka rubuta a jikin roba, sannan a wanke da sabulun da ke kashe ƙarfin man, ba sau ɗaya ba. Maganar nan ta "ki daure, sai ya yi zafi yake kamawa" ba gaskiya ba ce. Zafin nan ƙuna ce.

Ki wanke kai sau ɗaya a mako, ki yi sitimin da kwandishana mai laushi. Duk bayan mako 4 zuwa 6 ki sa mai furotin, amma kada ki zarce, yawansa yana busar da gashi har ya riƙa ɓallewa. Mata da yawa suna rikicewa a kan man kaɗe: shi ba ya jiƙa gashi, danshin da ya tarar yake tsarewa. Sai ki fara fesa ruwa ko kwandishanan da ba a wankewa, sannan man ya biyo baya, musamman da hunturu. Man kwakwa yana shiga cikin silin, don haka yana da kyau a shafa shi kafin wanki.

Wurin da sabon tofo ya haɗu da miƙaƙƙen gashi shi ne mafi rauni. Kada ki taje shi a bushe. Ki warware da yatsu, ki bi da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa gindi. Kitso ya zama manya, sakwa-sakwa, ki riƙa sauya tsaga. Ki sa hular siliki ko satin a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, kuma ki bari kai ya bushe kafin ki rufe.

Rilaksa na kwali da ake haɗawa, wanda ake cewa ba ya ƙona kai, bai fi sauƙi ba?

Ya fi sauƙi ga fata, ga gashi kuwa kusan duk ɗaya ne. Yana barin ɓurɓushin kalsiyam da ke sa bushewa, kuma da yake ba ya zafi da wuri, akan bar shi ya wuce lokaci. Wanda aka zana yarinya a kwalinsa ma rilaksa ne.

Biki ya matso, zan iya sa rilaksa a yi mini kitso a rana ɗaya?

Kada ki yi. Ki ba da tazarar mako 2, haka ma rini.

Yaushe abin ya wuce na salun?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci. Akwai wata cutar fatar kai da likitoci ke kira CCCA, wadda ta fi kama mata baƙar fata. Daga tsakiyar kai take farawa ta riƙa faɗaɗa a zagaye, tana kashe saiwar gashi ta bar tabo. An fara bayyana ta a Amurka a 1968, lokacin aka ɗora laifin a kan matajin wuta. A 2019 bincike ya gano cewa wasu masu ita suna da sauyi a ƙwayar halittar gado mai suna PADI3, shi ya sa akan gan ta a uwa da 'ya, har ga wadda ba ta taɓa sa rilaksa ba. Karyewar gashin tsakiya tana iya zama alamarta ta farko.

In wurin yana ƙaiƙayi, ko zafi in an taɓa, ko tsagar tana ƙara faɗi, ko fatar ta fara sheƙi babu ƙofofin gashi, ko kin yi wata 3 kina kulawa babu sauyi, ki nemi likitan fata a asibitin koyarwa ko na ƙwararru. Zai duba da madubin ƙara girma, wani lokaci ya ɗebi ɗan ƙaramin yanki na fatar a gwada. Maganin yakan haɗa da na shafawa ko allurar da ke kwantar da kumburi, da ƙwayoyi irin su doksisaikilin, da minoksidil don taimakon saiwar da ta rage. Inda tabo ya riga ya zauna gashi ba ya sake fitowa, don haka kada a ɓata watanni ana gwada haɗe-haɗen mayukan intanet.