Lalacewar tsofaffin motocin gudu a tahiyar ayari bisa hanyoyin tsauni

Lalacewar tsofaffin motocin gudu bisa hanyar tsauni, ko pan kamar yadda makanikanmu na Maradi ke cewa, matsala ce da ke samun ƙananan motocin nan, galibi masu kujera biyu, na shekarun 1950 zuwa 1970 in masu su sunka haɗa ayari sunka hau duwatsu, inda babu gari kusa balle garaji. Motocin da ake nuhi su ne irin Jaguar E-Type da ta hito a 1961, da MGB ta Ingila wadda anka ƙera daga 1962 har 1980, da Triumph TR6, da Alfa Romeo Spider ta 1966, da Porsche 911. Ƙungiyar FIVA mai kula da tsofaffin motoci a duniya tana sa mota cikin na tarihi in ta cika shekara 30.

Galibi a Turai ake wannan tahiya. Akwai hanyar Stelvio a Italiya mai tsawon mita 2,757 bisa teku, ɓangarenta guda kaɗai lanƙwasa 48 gare shi, akwai Grossglockner a Ostiriya mai mita 2,504, sannan a Maroko akwai Tizi n'Tichka tsakanin Marrakesh da Warzazat. Ayarin da ya hi suna shi ne Mille Miglia, daga Brescia zuwa Roma a dawo, wajen kilomita 1,600, da tsere ne na gaske daga 1927 zuwa 1957, anka maido shi a 1977 dan tsofaffin motoci kawai. Nan ƙasarmu muna da duwatsun Ayar, amma hanyar Timiya da Iferuwan sai katkat, waɗannan motocin cikinsu kusa yake da ƙasa, dutsin farko zai fasa musu tukunyar mai.

Abin da ke kashe su bisa tsauni, na farko iska ce. Duk hawan mita 300 moter na rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarhinshi saboda iska ta yi sauƙi, ke nan bisa Stelvio an rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Motar zamani kwamfuta ce ke auna mata esansi, ita ko tsohuwa galibi kaburato gare ta, wato abin da ke haɗa esansi da iska, kuma kaburato bai san an hau dutsi ba, esansin da anka saita mishi a ƙasa shi zai ci gaba da zubawa, sai mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, buji su yi baƙi, mota ta riƙa tari tana baƙin hayaƙi. Duk wanda ya taɓa zama garaji ya ga ana wanke bujin Peugeot 404 ko 504 ya san wannan baƙin, sai dai mu a Maradi ba mu kai mita 400 bisa teku ba, shi ya sa saitinmu na nan ba zai yi aiki can ba.

Sai zahi, wanda a ganina shi ne babba. Mota na hawa da giya ta biyu, moter na kuka, amma gudun bai kai iska ta ratsa radiyato ba, ga shi ruwa na tafasa da wuri a sama, kusan digiri guda na raguwa duk mita 300, a mita 2,700 wajen digiri 91 ya isa. Murhin radiyato mai kyau shi ke riƙe matsi ya hana tafasar, in robar shi ta mutu to ruwa ya tahi. Kuma ayari na ƙara wahalar, dan dole kowa ya bi gudun na gaba, in na gaba ya tsaya ɗaukar hoto kowa ya tsaya, zahin moter ya dafa esansin da ke cikin tiyo ya zama tururi, fanfon mai ya kasa ja, a yi ta murza makulli mota ta ƙi tashi har batir ya sauka. Maganin wannan shi ne a buɗe kafo a jira, wasu su ɗora jiƙaƙƙen tsumma bisa fanfon. Tsohuwar Porsche 911 ba ta da radiyaton ruwa, iska da man moter ke sanyaya ta, ita zahin mai ake dubawa.

Sauka ta hi hawa haɗari, kuma nan ne ake rasa rai. Shofer da bai saba ba zai ɗora ƙafa bisa birki tun daga sama, birki ya yi zahi ya daina kamawa. Man birki kuma shan ruwa yake daga iska, irin wanda ake kira DOT 4 in sabo ne sai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa ya sauko wajen 155, da ya tafasa sai ƙafa ta nutse har ƙasa babu komi. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma ake saukowa da ƙaramar giya moter ya riƙe motar.

Sauran ƙananan abubuwa ne, kayan ba buji wuta irin bis filatine da ya ƙone, kondansato da bobin da ta yi zahi, sai kurwar fanka da ta tsinke, waya da girgiza ta kwance. Fanfon mai na lantarki irin SU da ke cikin MGB in ya maƙale ana ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana ya ci gaba. Yawancin wannan daga ajiya ne, motar ta kwana wata shida cikin ɗaki, roba ta bushe, tsatsa ta taru cikin tanki, sai hanyar dutsi ta tono su rana ɗaya. Esansi mai haɗin etanol irin E10 da ake saidawa a Turai ma shina cin tsohon tiyon roba, kuma tiyon da ya ɗiga bisa moter mai zahi gobara ce.

Ayari mai tsari shina sa motar makaniki a ƙarshe da kayan aiki, kowane shofer kuma ya riƙa duba na bayanshi a madubi, in ya daina ganinshi ya tsaya, dan wurare da yawa babu rezo. Wadda ta mutu ana tura ta nesa da kwana a sa alama, sauran su wuce gaba inda hili yake kada su toshe hanya. Ja da igiya a gangara ba a son shi, dan motar da ke da taimakon birki in moter ya mutu birkinta tauri yake yi, tana iya hawa ta gaba. In gyaran bakin hanya bai yi ba, mutum biyu ke zama da motar, ɗaya ya sauka ƙauye mahi kusa ya kirawo babbar motar da za ta ɗauke ta bisa baya.