Ba a ɗaure ɗan kwangila don dutse ya motsa

Wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp, har ya iso teburin mai shayi a Mpape, Abuja, inda direbobin tifa ke karya kumallo. Mai saƙon ya rantse cewa an kawo sabuwar doka: duk wanda ya gyara katangar teku ko gada, aikin ya tsage, shekara 5 ce a gidan yari, har da wanda ya kawo dutsen. Wani dattijo mai tifa biyu ya tare ni, kofi a hannu. "Malam, kai da ka san takardun nan, mu ma za a kama mu?"

Na ce, "Alhaji, sha shayinka."

Dokar da ake nufi ba sabuwa ba ce. Dokar sayayya da kwangilolin gwamnati ce ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnati. Ta shafi ma'aikatu da hukumomin tarayya, da duk wanda aƙalla kashi 35 na kuɗin aikinsa daga asusun tarayya yake fitowa.

Katangar da ake ta ambata kuwa shingen manyan duwatsu ne da ake miƙawa cikin teku don ya karya ƙarfin igiya, jirgi ya shiga tasha lafiya. Na bakin tashar Legas tun farkon ƙarni na 20 aka gina su, da dutsen da aka riƙa ɗaukowa a jirgin ƙasa daga Aro, kusa da Abeokuta. Irin wannan aiki ba a gane lafiyarsa ranar yanka ƙyalle. Sai damina ta zo, igiya ta yi ta dukansa dare da rana, duwatsun su zauna, wasu su zame. Injiniyoyi kan dawo su auna tsayin katangar, su ɗauki hoto daga sama su gwada da na baya, ƙarƙashin ruwa kuma a sa masu nutso ko na'urar da ke auna zurfi da amsa-kuwwa. Motsi kaɗan dama an san da shi.

To idan motsin ya wuce kima fa? Nan ne mai saƙon ya haɗa doya da manja ba a inda ya dace ba. Amsar tana cikin takardar kwangila, kuma magana ce ta kuɗi. Ana riƙe wani ɓangare na kuɗin ɗan kwangila, yawanci kashi 5, har wa'adin gyaran aibi ya cika, sau da yawa wata 6 ko shekara guda. Aibi ya fito, a kira shi ya gyara da aljihunsa. Ya ƙi, a ɗauki abin da aka riƙe a biya wani. Sashe na 36 na dokar ma ya ce wanda zai karɓi kuɗin fara aiki sai ya kawo takardar lamuni wadda ba ta gaza kashi 10 na kuɗin kwangilar ba. Babu ɗan sanda a duk wannan.

Shekara 5 ɗin gaskiya ce, tana sashe na 58, amma a duba laifukan da aka jera: haɗa baki a ƙulla farashi, cin hanci, takardun jabu, sauya takardun kwangila, tsattsaga aiki guda ƙanana-ƙanana don a kauce wa ƙa'ida, hana hukuma duba bayanai. Wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara. Ma'aikaci, aƙalla shekara 5 da kora. Kamfani kuwa a hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 na kuɗin aikin. Saboda haka wanda ya zuba tan 100 ya rubuta 200, injiniya ya sa hannu yana sane, su biyun ne ya kamata barci ya ƙaurace wa. Direban da ya sauke dutse aka ba shi rasit bai shiga ba.

Abin da ya fi damuna ba ya cikin saƙon ma. Babban ɗan kwangila idan aka riƙe masa kashi 5, sai ya juyo ya riƙe na ƙananan da ke ƙarƙashinsa, ya ce "ba a biya mu ba". Mai tifa da ya ci bashin gas ba shi da hannu a yadda aka jera dutse, amma shi ke jiran damina ta wuce. Sashe na 37 ya ce idan gwamnati ta jinkirta biya fiye da kwana 60, kuɗin ruwa ya hau kanta. Wannan kariya ta wanda sunansa ke kan kwangila ce, ba ta sauko kan mai tifa ba.

Alhajin ya ajiye kofi ya ce shi dama baki da baki suka yi. Na ce kafin lodi na gaba ya sa a rubuta ranar biya, a kuma rubuta cewa ba ruwan kuɗinsa da wanda aka riƙe.