Tsohon soja bayan tiyata: abin da ke tsaya wa iyali a rai

Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 duk sun haura saba'in yanzu, 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya a 1990 ma furfura ta kama su. A irin wannan shekaru, ba kowa ke tashi daga babbar tiyata ba.

Me iyali suka fi tunawa bayan rasuwa?

Yadda aka yi musu magana, da ko suna kusa lokacin da rai ya fita. An yi wa kawuna aikin hanji a wani asibiti a nan Katsina. Kwana tara yana ɗakin kulawa ta musamman, kullum amsa ɗaya ce: "Ana ƙoƙari, ku yi ta addu'a." Inna tana kan tabarma a baranda da fulas ɗin kunun da bai taɓa sha ba. Ya cika da asuba, babu wanda ya laƙanta masa kalmar shahada. Kuɗin da aka kashe ta daina zancensu, wannan kuwa har yau tana faɗa.

Ai kwana ne ya ƙare, me bayanin likita zai sauya?

Ba zai ƙara masa minti ɗaya ba. Amma da an ce mana jikin ya yi nisa, da mun kira 'ya'yansa daga Kaduna, da ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa, an yafi juna.

Maganar zafin ciwo fa?

Tsohon soja ba ya raki. Ka ce "Baba, ya jiki?" ya ce "Da sauƙi", alhali yana damƙe da ƙarfen gado. Mai jinya ya lura da fuska da numfashi, ya gaya wa nas. Mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, idan likita ya auna shi daidai rage azaba yake yi, kada a ƙi shi don tsoron zai gaggauta mutuwa.

Ana jin ta bakin iyalan kuwa?

A Amurka, ma'aikatar tsofaffin sojoji tana aika wa iyalan wanda ya rasu a asibitocinta tambayoyi a kan kulawar da ya samu a kwanakinsa na ƙarshe. Mu babu wanda ya tambaye mu.

Kafin a sa hannu a takardar tiyata, me za a tambaya?

"Likita, idan aikin bai yi kyau ba, wa zai gaya mana, kuma za a bar mutum ɗaya ya zauna kusa da shi?" A tambaya a gaban Baba, tun yana iya magana da bakinsa.