Waiwaye: Abincin Makaranta da Yaron Ƙauye

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin firamaren ƙauye a shekarun da ake ciyar da ɗalibai ya san yadda ake tashi tara. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa idon yara na kan hanya, suna jiran mai dafa abinci ta ɓullo da kuloli a bayan ɗan acaɓa. Kowa da 'yar robarsa. A gindin bishiya kuma ga ƙanne sun raɓe, waɗanda ba su isa shiga aji ba, suna jiran yaya ya rago musu.

Maganar ba yau ta fara ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta lissafa abincin rana cikin abubuwan da ya kamata ɗalibi ya samu kyauta. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta yi gwajin shirin a jihohi 12 da Abuja, amma bai yi nisan kwana ba. Osun ce ta riƙe nata, har Gwamna Aregbesola ya sake masa fasali a 2012. A Kano ma gwamnatin Kwankwaso ta ciyar da 'yan firamare. Kaduna ta fara nata a Janairun 2016 kan naira 50 kowane yaro, ajujuwa suka cika maƙil, sannan nauyin kuɗin ya sa aka dakata.

A 2016 ɗin ne gwamnatin Buhari ta ɗauki shirin a matakin ƙasa: 'yan aji 1 zuwa 3, naira 70 kowane kwano, kuma a sayi kayan abincin daga manoman yankin. Gwamnati ta ce yaran da ta ciyar sun haura miliyan 9. A 2022 aka amince da naira 100, lokacin da tsadar kaya ta riga ta cinye ƙarin. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a, har da wannan, bayan zargin almundahana a ma'aikatar jinƙai.

Ba na cikin masu raina kwanon nan. Yaron da ya fito gida ko koko bai sha ba, shinkafa da wake da ɗan ƙwai sau ɗaya a mako ba ƙaramin abu ba ne gare shi, kuma sun ja yara da yawa zuwa aji. Abin da ke damuna shi ne inda cokalin bai kai ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A birane kashi 27 ne, a karkara 45. Arewa maso Yamma ta kai 57, Kebbi 66, Jigawa 64. Abin takaici, inda ake noma geron da waken nan ne yara suka fi tsumburewa, domin kafin damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, ga ruwan rijiya da gudawa da zazzaɓin sauro, asibiti kuma sai an yi tafiya.

Tsumburewa kuwa a kwana 1,000 na farko take kama yaro, daga shigar ciki zuwa shekara 2, musamman bayan yaye, lokacin da aka bar shi da kunu tsura da tuwo. Kafin ya kai shekara 6 ya riƙe robarsa a layi, ɓarnar ta riga ta auku a jiki da ƙwaƙwalwa. Abincin makaranta zai kore masa yunwar yini, amma ba zai mayar da tsayin da ya rasa ba.

Sannan sai wanda ke aji ake zuba wa. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, akasarinsu a Arewa: almajiri, da ɗan makiyayi, da yarinya mai talla, da 'ya'yan garuruwan Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka tasa. Ko a ƙauyen da makarantar ke buɗe, a wancan lokacin naira 70 ɗin birni ita ce ta ƙauye, alhali mai dafawar sai ta biya kuɗin mota zuwa banki, ta biya na dakon kaya daga kasuwa, duk daga cikin kuɗin kwanon. Idan biya ya yi jinkiri sai ta sauke tukunya, yara su yi ta kallon hanya har a koma aji.