Zaton malami a kan ɗalibi: tambayoyi da amsoshi

Daga ina maganar cewa zaton malami yana shafar ƙoƙarin ɗalibi ta samo asali?

Daga wata makarantar firamare a jihar Kalifoniya ta Amurka. Robert Rosenthal na Jami'ar Harvard da shugabar makarantar, Lenore Jacobson, sun yi wa yara gwajin basira, suka miƙa wa malamai sunayen kusan ɗaya cikin biyar, wai su ne za su yi zarra a shekarar. Alhali canke kawai aka yi, gwajin bai fitar da kowa ba. Da aka sake gwaji a ƙarshen shekara, waɗannan yaran sun fi ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da biyu. An wallafa sakamakon a 1968.

To me malaman suke yi daban?

Ƙananan abubuwa, waɗanda shi kansa malamin ba ya lura da su. Wanda ake kyautata wa zato yana samun sakin fuska, aikin da ya fi wuya, da damar yin magana. In ya yi kuskure, sai ka ji: "Ka kusa, sake gwadawa mana." Na bencin baya kuwa, kafin ya gama haɗiye yawu an ce masa "Zauna, daƙiƙi," an wuce ga wani. Wata mai binciken ilimi, Mary Budd Rowe, ta auna wannan jiran: yawancin malamai ba sa wuce daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma da aka kai shi uku, yaran da ba sa tankawa suka fara ɗaga hannu.

Me ke sa malami ya yanke wa yaro hukunci tun da wuri?

Sau da yawa ba karatun ba ne. Ray Rist ya ba da labari a 1970 na wata malamar rabin aji a birnin St. Louis na Amurka da ta raba yara teburi uku a rana ta takwas da fara karatu, rabon kuma ya bi tufafi, tsafta da salon magana. Mu ma mun san irinta: "Ƙanin wane ne? Ai gidansu ba sa ja."

Ke nan zato kaɗai ya isa ya mai da yaro haziƙi?

A'a, an zuzuta abin fiye da kima. Stephen Raudenbush ya tattara gwaje-gwaje a 1984, ya ga tasirin ya fi ƙarfi idan malami bai riga ya san yaran ba. In ya yi 'yan makonni tare da su, jerin sunayen da aka ba shi ba ya canza komai sosai.